Baiwar Mutum, Tasa Ce Ko Ta Ƙasarsa? Darasi Daga Rayuwar Viktor An

Gabatarwa

Bahaushe ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Shi dai wannan Bahaushen kuma ya ce, "Gida biyu maganin gobara." Wanda bai san halin karin magana ba sai ya ɗauka magabata sun yi tufka da warwara. Alhali kuwa kowace daga cikin maganganun nan biyu ta kama wani gefe ne na wata tsohuwar tambaya wadda har yau ba a gama amsa ta ba, wato: wane irin haƙƙi ne ƙasa take da shi a kan ɗanta, kuma ina iyakar wannan haƙƙin? Idan ƙasa ta reni mutum, ta horar da shi har ya shahara, sa'an nan wata rana ya ga ba shi da sauran gurbi a cikinta, in ya ɗauki baiwarsa ya kai ta wani wuri, cin amana ya yi, ko kuwa ya yi abin da ya kamace shi?

Tambaya irin wannan ba ta auno da kyau sai an ɗora ta a kan rayuwar wani mutum takamaimai. Saboda haka a wannan maƙala za mu auna ta a kan rayuwar Ahn Hyun-soo, ɗan wasan tseren zamiya a kan ƙanƙara, haifaffen Koriya ta Kudu, wanda daga baya ya zama ɗan ƙasar Rasha da sunan Viktor An. Mun zaɓe shi ne domin jama'ar ƙasarsa sun yanke masa hukunci iri biyu masu karo da juna a cikin shekara takwas kacal. Za mu kawo tarihinsa a taƙaice, mu saurari hujjar masu zarginsa da ta masu kare shi, sa'an nan mu faɗi inda muka tsaya.

Fagen Da Ake Fafatawa

Ya kamata mu fara da bayyana wasan kansa, tun da mafi yawanmu ba mu taɓa taka daskararriyar ƙanƙara ba, balle mu yi tsere a kanta. Ana yin wasan ne a cikin rufaffen zaure, a kan daɓen ƙanƙara mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. A kan wannan daɓe ake shata da'ira mai siffar ƙwai, wadda zagayenta ɗaya mita 111 ne da 'yan kai. Ɗan wasa yakan sa takalma masu dogon ƙarfe siriri a ƙarƙashinsu, mai kaifi kamar wuƙa, wanda a kansa yake zamewa. Mutum huɗu ko fiye suke tashi lokaci ɗaya, suna gudun da ya kusa kai kilomita 50 a awa, kafaɗa da kafaɗa. In sun zo kwana sai su kwanto gefen hagu har yatsunsu suna shafar ƙanƙara. Wanda ya riga tsallake layi shi ya ci, don haka zafin gudu kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da dabara, da haƙuri, da sanin lokacin da ɗan ƙaramin gurbi zai buɗe a kutsa. Kuskuren mutum ɗaya kuwa yana iya kwashe mutum uku ko huɗu ya watsar.

Ana yin tseren mita 500, da 1000, da 1500, sai kuma na karɓa-karɓa, wanda ga maza mita 5000 ne, wato zagaye 45 tsakanin mutum huɗu. A nan ba sanda ake miƙawa ba. Wanda ya gama nasa zagayen yakan zo ta bayan abokinsa ya tura shi da hannu biyu, ya zuba masa ƙarfin gudunsa.

A shekarar 1992, a garin Albertville na Faransa, aka shigar da wasan sosai cikin gasar Olamfik ta lokacin hunturu. A nan ne Kim Ki-hoon ya ciyo wa Koriya ta Kudu lambar zinare ta farko a tarihinta na wannan gasa. Tun daga lokacin wasan ya zama abin tunƙahon ƙasar, har masana suka riƙa cewa samun shiga tawagar Koriya ya kusa fin cin lamba a Olamfik wuya.

Tashin Ahn Hyun-soo Da Faɗuwarsa

An haifi Ahn a birnin Seoul a shekarar 1985. Yana ɗan shekara 16 ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City ta Amurka. A tseren ƙarshe na mita 1000, a kwanar ƙarshe, shi da wasu mutum uku suka sarƙe suka zube, ɗan Ostareliya Steven Bradbury, wanda yake can baya, ya zo ya wuce su ya ɗauki zinare. Yaron ya koma gida hannu rabbana. Amma daga 2003 zuwa 2007, shekara biyar a jere, shi ne zakaran duniya a wannan wasa. A gasar Olamfik ta 2006 a birnin Turin na Italiya kuwa ya ci zinare uku, a mita 1000 da 1500 da karɓa-karɓa, ya ƙara da tagulla a mita 500.

Sai dai a bayan wannan ɗaukaka akwai ɓaraka. Ɓangaranci ya raba wasan gida biyu a Koriya, tsakanin waɗanda suka fito daga jami'ar wasanni ta ƙasa da waɗanda suka fito daga wasu makarantu, har ta kai 'yan tawaga ɗaya suna horo a ƙarƙashin masu horarwa daban-daban. A 2006, bayan dawowa daga gasar duniya, mahaifin Ahn ya yi sa-in-sa da wani jami'in hukumar wasan a filin jirgin sama, yana zargin cewa an haɗa baki don a tare wa ɗansa hanya.

A watan Janairu na 2008 ya faɗi a wajen horo, ya bugi shinge, ƙoƙon gwiwarsa ya fashe. Aka yi ta yi masa tiyata. Da aka zo zaɓen waɗanda za su je gasar Vancouver ta 2010 bai gama murmurewa ba, bai samu shiga ba. A ƙarshen 2010 kuma hukumar birnin Seongnam, wadda take biyansa albashi, ta rushe ƙungiyarta saboda matsin kuɗi. Mutumin da ya ɗauko wa ƙasarsa zinare uku ya wayi gari, yana ɗan shekara 25, ba tawaga, ba ƙungiya, ga gwiwa mai tabo, ga matasa sun taso a bayansa.

A daidai wannan lokaci Rasha tana shirin karɓar baƙuncin gasar 2014 a Sochi, kuma ba ta taɓa cin ko da lamba ɗaya a wannan wasa ba. Ta gayyace shi, ya tafi a 2011, kuma a watan Disamba na shekarar ya zama ɗan ƙasa. Dokar Koriya ba ta yarda masa ya riƙe ƙasa biyu ba, don haka samun wannan ya zama rasa waccan. Ya zaɓi sunan Viktor saboda ma'anarsa ta nasara, da kuma tunawa da Viktor Tsoi, mawaƙin nan na Tarayyar Sobiyet mai tsatson Koriya, wanda ya rasu a 1990.

A Sochi ya maimaita abin da ya yi a Turin: zinare uku, a mita 500 da 1000 da karɓa-karɓa, da tagulla a mita 1500. Da ya ci na mita 1000 ya durƙusa ya sumbaci ƙanƙara. Mazan Koriya ta Kudu kuwa, a duk wasan, ko lamba ɗaya ba su samu ba.

Hujjar Masu Cewa Ya Ci Amana

Ba daidai ba ne mu raina hujjar masu zarginsa, domin tana da tushe mai ƙarfi. Babu wanda ya haifi kansa, babu kuma wanda ya horar da kansa. Zauren ƙanƙarar da Ahn ya koyi zamiya a cikinsa da kuɗin jama'a aka gina shi. Dabarun shan kwana da ya gada, wasu ne suka sha faɗuwa kafin su gano su. Abokan horon da suka goge shi, waɗanda da yawansu ba a san ko sunansu ba, 'yan Koriya ne. Kamar yadda ɗan karɓa-karɓa yake tashi da ƙarfin wanda ya turo shi, haka duk mai baiwa yake tafiya da ƙarfin da wasu suka zuba masa. To, in haka ne, ashe baiwar ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai rabon al'umma a cikinta.

Wannan hujja tsohuwa ce. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, da kotun Atina ta yanke wa masanin falsafar nan Sokaratis hukuncin kisa, abokansa sun shirya masa hanyar tserewa, ya ƙi. Kamar yadda almajirinsa Aflatun ya ruwaito, dalilinsa shi ne cewa dokokin garin su suka ɗaura auren iyayensa, suka rene shi, suka ilmantar da shi, don haka matsayinsu a kansa ya kai na iyaye, ko ma ya fi.

Ga mutanen Koriya kuwa akwai wani ƙarin dalili, wanda sai an san tarihinsu za a fahimce shi. Daga 1910 zuwa 1945 ƙasarsu tana ƙarƙashin mulkin Japan. A gasar Olamfik ta 1936 a Berlin, wani ɗan Koriya mai suna Sohn Kee-chung ya ci tseren dogon zango na marato, amma da tutar Japan a ƙirjinsa, da kuma suna irin na Japanawa, domin ba shi da zaɓi. Da aka hau da shi dandamalin karramawa ya sunkuyar da kai, ya sa ɗan itacen da aka ba shi kyauta ya kare tutar. Jaridar Dong-a Ilbo ta buga hotonsa bayan ta goge tutar daga rigarsa, sai masu mulki suka kama ma'aikatanta, suka rufe ta tsawon watanni. Shekara 52 bayan haka, a 1988, wannan dattijo ne ya shigo da wutar Olamfik cikin filin wasa na Seoul a ƙarƙashin tutar ƙasarsa. Al'ummar da ta taso da wannan labari ba za ta ɗauki tutar da ke ƙirjin ɗan wasa a matsayin ado ba. Abin da aka tilasta wa Sohn har ya sunkuyar da kai, shi ne Ahn ya yi da zaɓin kansa. Mai son ya fahimci zafin da wasu suka ji, to, daga nan zai faro.

Hujjar Masu Kare Shi

Duk da haka, in muka ƙara duban hujjar nan za mu ga ba ta kai inda masu ita suke so ta kai ba. Mu fara da Sokaratis. A cikin wannan ruwaya ta Aflatun, dokokin Atina da kansu sun yarda cewa duk ɗan garin da ya girma, ya duba yadda ake tafiyar da al'amura bai gamsu ba, yana da damar ya kwashe kayansa ya koma inda ya so. Abin da suka hana shi ne mutum ya zauna ya ci moriyar gari, sa'an nan ranar da hukunci ya hau kansa ya sulale ta bayan gida. Ke nan ko wannan tsattsaurar hujja ta bambanta ƙaura da gudun hukunci. Ahn kuwa ba hukunci ya guje wa ba. Ya fita ta ƙofa da rana tsaka, kuma bisa ƙa'idar Olamfik, wadda ta yarda ɗan wasa ya sake ƙasa in shekara uku ta wuce daga ranar da ya wakilci ta farko.

Haka nan in muka koma ga tushen tarbiyyar Koriya kanta. Kimanin shekara 500 daular Joseon ta yi tana gina rayuwar jama'a a kan koyarwar Kwamfushiyas, wadda ta ɗaukaka biyayya ga iyaye da shugabanni. Amma shi Kwamfushiyas ɗin, da ya ga masu mulkin ƙasarsa ta Lu ba su da bukatar shawararsa, barin ta ya yi, ya shafe fiye da shekara goma yana yawo daga wannan masarauta zuwa waccan, yana neman sarkin da zai yi aiki da iliminsa. Mabiyinsa Menshiyas kuma ya koyar da cewa biyayyar bafade tana tafiya ne daidai da yadda sarki ya riƙe shi. Ashe a wannan mazhaba ma amana igiya ce mai baki biyu, kowane ɓangare yana riƙe da nasa.

A nan ne muke ganin kuskuren masu kamanta ƙasa da mai dukiya, ɗan ƙasa kuma da dukiyar. Kamancen da ya fi dacewa shi ne na mai reno da abin renonsa. Mai reno yana da haƙƙin a gode masa, a girmama shi, a kuma tuna da shi ranar samu. Amma ba shi da haƙƙin ya ce wa wanda ya rena, "Tun da ba ni da aikin da zan ba ka, zauna nan ka tsufa, kada ka yi wa kowa aiki." Rayuwar ɗan wasa gajeriya ce ƙwarai. Malami ko likita yana iya jiran shekara goma al'amura su gyaru, ɗan tsere kuwa in ya jira shekara huɗu ta yiwu ƙafarsa ta riga ta tafi. Cewa Ahn ya zauna don kishin ƙasa daidai yake da cewa ya binne abin da ya fi iyawa a duniya, alhali binnewar ba za ta ƙara wa Koriya komai ba, tun da ba ta sa shi a tawaga ba.

Wajibi ne kuma mu yi wa hukumar Koriya adalci. Zaɓen tawaga bisa gwaji ake yin sa, kuma Ahn bai ci gwajin ba. Shi kansa ya bayyana a Sochi cewa ɓangaranci ya wanzu, amma ba shi ne babban dalilin tafiyarsa ba, so yake ya ci gaba da wasan da yake ƙauna a wurin da za a ba shi dama. Wannan magana tana da muhimmanci, domin ta nuna cewa ba lallai sai an zalunci mutum ƙarara kafin tafiyarsa ta halatta ba. Ya isa a ce ƙofa ta rufe a nan, ta buɗe a can. Ta kuma nuna cewa a ranar da duk duniya ta miƙa masa abin magana, ranar da zai iya yaga tsohuwar ƙasarsa, ya kame bakinsa.

Hukuncin Jama'a: 2014 Da 2022

Abin mamaki shi ne a 2014 yawancin mutanen Koriya ba su zarge shi ba. Hukumar wasan suka fuskanta da fushinsu, suna tambayar yadda aka yi aka saki irin wannan gwarzo. Har shugabar ƙasar ta lokacin, Park Geun-hye, ta nemi a binciki ko ɓangaranci da rashin gaskiya a harkar wasanni ne suka kore shi. A idon jama'a a wannan shekara, Viktor An ɗa ne da aka zalunta.

Bayan ya yi ritaya a 2020, ya karɓi aikin horar da tawagar ƙasar Sin, a ƙarƙashin wani ɗan Koriya, Kim Sun-tae, wanda shi ne ya jagoranci tawagar Koriya a 2018. A gasar Beijing ta 2022 alƙalai suka fitar da 'yan Koriya biyu, Hwang Dae-heon da Lee June-seo, a zagayen kusa da na ƙarshe na mita 1000, ɗan Sin Ren Ziwei kuma ya ɗauki zinaren. Ƙasar Koriya ta ɗauki zafi. Hoton An yana murna a gefen fage da rigar Sin ya zama abin tofin Allah tsine, zagi ya kai har kan iyalinsa, sai da ya fito ya roƙi a bar su. A farkon 2023, da ya nemi aikin horarwa a ƙungiyar birnin Seongnam, wadda aka sake kafawa, wata ƙungiyar masu horarwa ta fito fili ta ƙi amincewa, kuma bai samu aikin ba.

To, me ya sake tsakanin 2014 da 2022? Takardar zama ɗan ƙasa dai ita ce ta 2011. In sake tuta cin amana ne, to, tun a Sochi ya ci ta, lokacin da ake tafa masa. In kuwa koyar da baƙi ne laifin, to, masu horarwa 'yan Koriya sun daɗe suna aiki a ƙasashe da dama ba wanda ya ce uffan, kuma wasan kansa a Kanada da Amurka ya samo asali, wasu ne suka koya wa Koriyawa. Ilimi bai taɓa zama a gida ɗaya ba. Abin da ya sake shi ne wanda ya amfana. A 2014 nasararsa ta zama bulalar da jama'a suka zane hukumar da suke jin haushi, a 2022 kuwa ta faɗa hannun maƙwabciyar da ake takun saƙa da ita. Hukuncin da yake juyawa da juyawar riba ba za mu kira shi hukuncin ɗabi'a ba, ko da ya ari kalmomin ɗabi'a.

Ma'aunin Da Ya Dace

In ba mu yarda da hukuncin taro ba, da me za mu auna mai barin gida? A ganinmu tambayoyi uku ne suka dace. Ta farko, shin ya tafi ya bar wani alƙawari da ya ɗauka, ko ya janye a lokacin da aka dogara da shi? Ta biyu, shin ya fita a bayyane bisa ƙa'ida, ya kuma faɗi gaskiya game da fitarsa? Ta uku, shin ya yi butulci, wato ya musanta alherin da aka yi masa ko ya wulakanta tushensa?

A kan ta farko da ta uku ba mu ga abin kama An da shi ba. A kan ta biyu ne aka taɓa yi masa tambaya mai ma'ana. Masu adawa da shi a 2023 sun ce ya karɓi kuɗin fanshon lambobinsa a dunƙule gab da sake ƙasa, abin da a ganinsu ya nuna ya san zai rasa zama ɗan Koriya. Shi kuma ya amsa cewa ya bayar da kuɗin gaba ɗaya sadaka. Ko mai karatu ya gamsu da amsar ko bai gamsu ba, wannan ita ce irin tambayar da ta cancanci a yi, domin ta shafi gaskiyar mutum da riƙon amanarsa. Launin rigar da ya sa ba ya gaya mana komai a kan waɗannan.

Abin Da Barin Gida Ke Jawowa

Kada kuma a ɗauka cewa wanda ya halatta ya tafi, ya tafi ke nan ba tare da asara ba. Gaskiyar karin maganar farko tana nan. Wanda ya ɗauki tutar wata ƙasa ya ɗauke ta da duk abin da ke rataye a jikinta. Bayan Sochi aka bankaɗo shirin ba 'yan wasan Rasha ƙwayoyin ƙara kuzari da sauya samfurin gwaji. Da gasar 2018 ta zo, a PyeongChang, a cikin ƙasar haihuwarsa, inda ya yi burin rufe wasansa, Kwamitin Olamfik na Duniya bai sa sunansa cikin 'yan Rashan da aka gayyata ba. Ba a taɓa bayyana cewa an same shi da laifi a wani gwaji ba. Ya rubuta wa shugaban kwamitin na lokacin, Thomas Bach, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana neman a faɗa masa dalili, ya kuma ɗaukaka ƙara tare da wasu, kotun wasanni ta yi watsi da ita a ranar buɗe gasar. Tutar da ta buɗe masa ƙofa a 2014 ita ta rufe masa a 2018.

Mu a Nijeriya wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. Francis Obikwelu, haifaffen Onitsha, ya yi wa ƙasar nan gudu har zuwa gasar Sydney ta 2000. Ya koka cewa da ya ji rauni an bar shi da jinyar kansa. A 2001 ya zama ɗan Fotugal, a 2004 kuma ya ciyo mata azurfa a tseren mita 100 a Atina. In muka cire filin wasa muka sa asibiti ko ɗakin lacca, tambayar tana nan yadda take, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su fuskance ta da kansu nan gaba kaɗan.

Kammalawa

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa al'umma tana da rabo a cikin baiwar ɗanta, amma rabon mai reno ne, wanda ake biya da godiya da gaskiya da kyakkyawan ambato. Mun ga cewa Ahn Hyun-soo ya biya Koriya da zinare uku da sarautar duniya ta shekara biyar tun kafin ya tafi, ya fita bisa ƙa'ida bayan ya rasa gurbi, bai kuma zagi tushensa ba a ranar da yake da iko. Mun ga cewa jama'ar da ta yabe shi ita ta tsine masa a kan aiki iri ɗaya, kuma tafiyar ta jawo masa asarar da bai yi tsammani ba. Saboda haka ba mu ga dalilin kiran sa maci amana ba, kamar yadda ba mu ga dalilin ɗaukar tafiyarsa a matsayin abin koyi ga kowa ba.

Ga mai shirin tafiya, shawararmu ita ce ya auna kansa da tambayoyin nan uku, ya kuma sani cewa gidan da ya bari ba lallai ya same shi a buɗe ranar dawowa ba. Ga masu riƙe da al'amuran jama'a kuwa, tambayar da ta fi kamata su yi wa kansu ita ce: ina muke ranar da gwiwar ta fashe? Riƙon gwarzo a ranar da yake ɗauko zinare ba wuya, kowa ma ya iya. A watannin jinya, lokacin da ba kyamara ba tafi, a nan ake gane ƙasar da ta riƙe nata bakin igiyar. Magabata dai sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.